Likita ya ce ta riƙa tattaki, amma a ina?

Makonni uku da suka wuce na raka yayata asibiti. Ta daɗe tana fama da ciwon kai da jiri, tana shan farasitamol tana cewa gajiya ce. Da aka auna jininta sai ga 170 a kan 100, wato hawan jini. Likitan matashi ne mai haƙuri, bai yi mata faɗa ba. Ya rubuta magani, sannan ya ɗago kai ya ce, "Hajiya, magani kaɗai ba zai isa ba. Ki rage gishiri da dunƙule, ki riƙa tattaki na minti talatin kullum, ki samu isasshen barci, ki kuma rage tunani."

Yaya ta yi jim, sannan ta ce, "Likita, duk na ji. Amma tattakin nan a ina zan yi shi?"

Ya ce ko'ina ma ya yi. Muka yi godiya muka fito. Tun daga ranar tambayar nan ta ƙi fita daga raina, domin na san inda Yaya take zaune. Ɗaya daga cikin unguwannin awon igiya ce a arewacin birnin Kano. Lungunsu mutum biyu ba sa jerawa, kwata ce ta raba shi biyu. In ka fito bakin titi, inda ya kamata mai ƙafa ya bi masu tebur da masu faci sun kama, sauran wajen kuma na adaidaita sahu ne. Filin da yaran unguwar suke buga ƙwallo shekaru goma da suka wuce an yanka shi fulotai. Kududdufin da ke bayansu an cike shi da shara an yi gini a kai. Bishiya ɗaya tak na sani a layin gaba ɗaya, wata tsohuwar darbejiya a ƙofar masallaci.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: hawan jini da ciwon zuciya a garuruwanmu ba maganar asibiti kaɗai ba ce. Maganar fili ce da titi da hayaƙi da wutar lantarki da tsaro. Wanda ya sa hannu aka sayar da filin unguwa yana da kaso a cikin jinyar mutanen unguwar, ko da bai taɓa taka ƙofar asibiti ba. Muddin muna ɗora wa marar lafiya laifi shi kaɗai, muna barin masu tsara gari suna wucewa salin alin, to layin awon jini zai ci gaba da tsawo.

Abin da unguwa take yi wa zuciya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a shekarar 2019, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na mutanen nan a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke. Ke nan tsohuwar maganar cewa wannan ciwon masu kuɗi ne ta daɗe da faɗuwa. Duk wanda yake zuwa ta'aziyya a Kano ya san kalmomin da ake maimaitawa: "Lafiyarsa ƙalau, yanke jiki kawai ya yi ya faɗi." Ko kuma, "Ɓarin jikinta ne ya shanye."

Hukumar ta ce babban mutum ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Ba gudu ake nufi ba, tafiya ce da ɗan sauri wadda za ta sa numfashi ya ɗan ɗaga. Tun 1953 wani likita a Ingila, Jerry Morris, ya kwatanta direbobin bas masu hawa biyu na birnin Landan da kwandastocinsu. Mota ɗaya suke ciki, iska ɗaya suke shaƙa, amma direba yana zaune wuni guda, kwandasta kuwa yana hawa bene yana sauka yana karɓar kuɗi. Ciwon zuciya ya fi yawa a cikin direbobi, ya kuma fi saurin kashe su. Duk lokacin da na tuna wannan bincike sai matuƙa adaidaita sahu su faɗo min a rai. Tun da aka hana acaɓa a Kano a watan Janairun 2013, dubban matasa da magidanta suka koma cikin keken nan, daga hantsi har dare a zaune, hancinsu daidai da salansar motar gabansu, ga tunanin balas da za a kai wa mai keke da yamma.

Sai hayaƙi. Mutane da yawa suna zaton hayaƙi huhu kawai yake taɓawa. Ƙananan ƙwayoyin da ke cikinsa, waɗanda ido ba ya gani, suna ratsa huhu su shiga jini, su kumbura bangon jijiyoyi, su sa jini ya riƙa saurin daskarewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki na cikin gida ya kashe mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma fiye da rabinsu ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ne ajalinsu, ba tari ba. Yaya ta yi shekaru tana girki da gas. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da faɗuwar naira, komai ya tashi, ta koma gawayi, ranar da babu kuma itace. Maƙwabcinta mai sayar da ƙanƙara janaretonsa yana jikin tagar ɗakinta. Bolar unguwa idan ta cika ba mota ce take zuwa ba, ashana ake ƙyasta mata, leda da roba su yi ta ci har asuba.

Barcin da likita ya ce ta samu ma ba a hannunta yake ba. A watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, ɗakin kwano ba silin, ba wuta, ga ƙarar janareto. Jinin mutum yana sauka idan ya yi barci mai nauyi, zuciya ta samu sararawa. Wanda hayaniya da zafi suke tashinsa sau biyar a dare ba ya samun wannan hutu. Ka je Nasarawa GRA da azahar ka tsaya ƙarƙashin tsofaffin bishiyoyin nan, sannan ka hau keke ka sauka a Kurna ko Rimin Kebe. Gari ɗaya ne, rana ɗaya ce, amma fatarka za ta gaya maka bambancin kafin kowane masani ya yi maka bayani.

Akwai kuma wani ciwon zuciya da ba a cika maganarsa ba, wanda yake kama yara. Yana farawa da ciwon maƙogwaro da wata ƙwayar cuta take haddasawa. In ba a yi maganinsa da kyau ba, yana maimaituwa, sai ya lalata ƙofofin cikin zuciya, yarinya ta kai shekara ashirin tana haki kamar tsohuwa. Babban abin da ke yaɗa shi cunkoso ne: yara takwas a ɗaki ɗaya marar taga. Ƙasashen da suka gyara gidajen talakawansu sun kusa mantawa da wannan ciwo. Mu har yanzu yana cika gadajen asibitocinmu.

"Ai ajali ne"

Wannan ce amsar farko da nake samu, kuma ba na wasa da ita. Na yi imani babu ran da zai wuce lokacinsa. Amma wanda ya karantar da mu ƙaddara shi ne ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Ba mu taɓa cewa a bar rijiya a buɗe a tsakiyar lungu ba don ajali na hannun Allah. In yaro ya faɗa, kowa mai rijiyar zai nema. Bambancin kawai shi ne rijiya nan take take kisa, hayaƙi da rashin fili kuwa shekara ashirin suke ɗauka, shi ya sa ba a ganin hannun kowa.

"Kowa ya kula da kansa mana"

Wannan ta fi ƙarfi, kuma akwai gaskiya a cikinta. Babu gwamnan da yake zuba wa Yaya dunƙule huɗu a miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da mutum zai ci a wuni ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, har da wanda yake ɓoye a cikin dunƙule da burodi da taliyar leda. Da yawanmu muna wuce haka. Akwai gado kuma: mahaifiyarmu da hawan jini ta rasu, Allah ya jiƙanta.

Amma a duba abin da yake kusa da hannu. Daga ƙofar gidan Yaya zuwa titi na ƙirga shagunan da ke sayar da lemon kwalba da taliyar leda da biskit sun fi goma, ga mai shayi biyu. Mai kayan gwari ɗaya ne, shi ma tumatir da attaruhu da albasa ne a gabansa. Mai son ganye da kayan marmari da arha sai ya biya kuɗin mota zuwa 'Yankaba ko 'Yan Lemo. Dunƙulen ma me ya sa ya yi yawa? Saboda nama da kifi sun fi ƙarfin tukunya, shi ne abu mafi arha da zai sa yara su ci tuwon. Gwamnatin tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021. Niyyar mai kyau ce, sai dai naira goma a yau ba ta sayen ko ruwan leda, ba kuma ta kawo zogale kusa da kowa ba.

Akwai wani darasi daga nan gida da nake so masu wannan magana su ji. A shekarun 1970 likitoci a Zariya suka bayyana wani ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa, kusan mace ɗaya cikin ɗari, adadin da ya zarce na kusan ko'ina a duniya. Aka daɗe ana ɗora laifin a kan wankan jego da kunun kanwa. Daga baya wani babban bincike da aka yi a asibitocin Najeriya ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero, wanda aka wallafa a 2020, ya nuna ciwon ya fi alaƙa da rashin karatu, rashin sana'a, rama, da hawan jinin masu ciki, fiye da waɗancan al'adu. Ba ina cewa a yi ta shan kanwa ba, gishiri ce ita ma, mai hawan jini ya guje ta. Abin da nake nunawa shi ne mun yi shekaru muna yi wa mata faɗa a kan abin da ke cikin kofinsu, alhali talaucin da suke kwana a cikinsa ya fi kofin nauyi.

"Talaka ai kullum a ƙafa yake"

Wani abokina ya ce min tattaki matsalar masu mota ce, talaka tafiyar da yake yi ta ishe shi. Ga ɗan dako da mai tura ruwa, haka ne. Amma tela fa? Mai shago da ke zaune daga safe zuwa goman dare fa? Mai cajin waya? Sama da kowa, matan aure fa?

A nan ne maganar ta fi yi min ciwo. Namiji ko ba komai yana zuwa masallaci sau biyar, yana zuwa kasuwa, yana iya ɗaukar takalmi ya tafi filin sukuwa ko Ƙofar Na'isa ranar Asabar. Iyayenmu mata a da suna da babban tsakar gida, suna daka, suna surfe, suna jan ruwa a rijiya. Yanzu gidan gado an raba shi gida huɗu, tsakar gidan Yaya taku bakwai ne daga ƙofar ɗaki zuwa bakin murhu. In ta sa hijabi ta fita tana zagaya layi da sassafe ba tare da inda za ta ba, kafin azahar magana ta zaga unguwa. Kuma lokacin da ya fi dacewa da tafiya, bayan asuba ko bayan magariba da rana ta yi sanyi, shi ne lokacin masu ƙwacen waya. Mutum nawa aka soka wa wuƙa a Kano a kan waya cikin 'yan shekarun nan? Babu macen da za ta sayar da ranta don ta sauke jininta da maki goma. Fitilar titi mai aiki da 'yan sintirin unguwa maganin hawan jini ne, ko da ba a kemis ake sayar da su ba.

Shi kansa tsoron yana da nasa aikin a jiki. Wanda yake kwana da kunne ɗaya a buɗe saboda faɗan daba, jikinsa a ɗaure yake kullum, zuciya tana bugu kamar ana bin sa. "Ki rage tunani" shawara ce mai sauƙin faɗa.

"Muna fama da yunwa da maleriya, wa yake ta bishiya?"

Na yarda kuɗi ba su da yawa. Amma ba gaskiya ba ne cewa ba a kashe kuɗi a kan fasalin gari. Daga gadar Ƙofar Nasarawa zuwa doguwar gadar Sabon Gari, zuwa ta Dangi da ta Hotoro, gwamnatoci daban-daban sun zuba biliyoyin naira don mota ta wuce da sauri. Ban ce gadoji ba su da amfani ba. Tambayata ita ce, cikin kowace naira ɗari da aka kashe wa mai mota, nawa aka kashe wa mai ƙafa, a garin da mafi yawan mutanensa ba su da mota? Tsohuwa da ke son tsallaka titin Zariya ko na Katsina ta san amsar.

Kuma yawancin abin da ake buƙata ba gini ba ne, barin gini ne. Filin makaranta, gefen maƙabarta, bakin badala, harabar masallacin Idi, duk mun ga yadda shaguna suka yi ta tsirowa a kansu. A 2023 sabuwar gwamnati ta rushe wasu, aka yi ta shari'a da cacar baki tsakanin 'yan siyasa. Abin da ban ji ana tambaya ba a duk rigimar shi ne: in an rushe, me za a mayar da wurin? Fili da aka bari kango, ba inuwa ba fitila ba mai gadi, matattarar shara da 'yan shaye-shaye zai zama, daga nan kuma wani ya ce gara a sayar.

Batun yunwa kuwa, a tambayi gidan da maigida ya samu shanyewar ɓarin jiki yana da shekara 50. Sana'a ta tsaya, an sayar da keken ɗinki, an cire yara daga makaranta, in ƙoda ta taɓu kuma kuɗin wankin ƙoda na mako ɗaya ya fi abin da gidan yake samu a wata. Ciwon nan shi kansa ƙofar yunwa ne.

Abin da aka gwada ya yi aiki

Akwai ƙoƙarin da ya kamata a yaba. A 2020 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da Hukumar Lafiya ta Duniya suka fara wani shiri na shawo kan hawan jini a ƙananan asibitocin jihohin Kano da Ogun, inda ma'aikatan lafiya na matakin farko suke aunawa su kuma ba da magani bisa tsari mai sauƙi, ba sai an jira babban likita ba. Wannan hanya ce mai kyau, domin ta kawo magani kusa da gida. Gibinta shi ne sai wanda ya je asibitin ake aunawa, hawan jini kuwa sau da yawa ba ya ciwo sai ya gama ɓarna. Kusan rabin masu shi a duniya ba su san suna da shi ba.

A birnin Los Angeles na Amurka an gwada wata dabara da aka wallafa sakamakonta a 2018. Baƙaƙen fata maza ba sa son zuwa asibiti, amma ba sa fashin aski. Sai aka kai awon jini shagunan aski 52, aka haɗa wasu da masana harhaɗa magunguna da ke zuwa shagon suna ba da magani. Cikin wata shida jinin waɗanda aka yi wa haka ya sauka da maki 27, na sauran kuwa da maki 9. Mu da muke da majalisa a kowace kwana, da masallacin khamsu salawati a kowane layi, da Islamiyyar matan aure a kowace unguwa, me muke jira? Na'urar awon jini ta batir ba ta kai kuɗin buhun shinkafa ba. Masallacin da ya iya tara kuɗin tayil da sola zai iya sayen guda biyu, a koya wa matasa biyu da malama ɗaya yadda ake aunawa, duk wanda aka ga ya kai 140 a kan 90 sau biyu a tura shi asibiti.

A Kigali ta ƙasar Ruwanda, tun 2016 ake rufe wasu manyan tituna da safiyar Lahadi, yanzu sau biyu a wata, mutane su fito tafiya da keke, ana kuma auna musu jini da suga kyauta a gefen hanya. Mu a Kano muna da rabin wannan tsari ba mu lura ba. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata ana tsayar da ababen hawa da safe don tsaftar muhalli. Awa uku titi ba hayaƙi ba hon, amma yawancinmu barci muke ƙarawa. Da za a ce bayan an kwashe kwata a bar mutane su taka titin, ma'aikatan lafiya su kafa tebur a kowane shataletale, da ba a kashe ko sisin gina wani abu ba.

Bishiya kuma ba ta buƙatar kwangila. Abin da take buƙata shi ne mai ba ta ruwa shekara biyu da kariya daga awaki. An sha bikin dashen itatuwa a gaban kyamara, bayan wata uku ka tarar da sanda a tsaye. Gara a ba kowane mai shago da kowane masallaci tsiro ɗaya da sunansa, mai unguwa ya riƙa bibiya, a kuma sa doka cewa duk wanda zai sare babbar bishiya don faɗaɗa titi ko shago sai ya nuna inda goma suka kama.

Ni dai na fara da abin da ya fi kusa. A bayan layin su Yaya akwai makarantar firamare mai katanga da ƙofa, filinta yana nan ba a taɓa shi ba tukuna. Daga asuba zuwa bakwai na safe babu kowa a ciki. Na je wajen mai unguwa na roƙe shi a riƙa buɗe wa matan unguwa ita na awa ɗaya, su kaɗai, da mace mai riƙe mukulli. Ya saurare ni da kyau, ya ce, "Ɗana, maganarka abar dubawa ce, ni ma uwargidana maganin take sha. Amma sai mun zauna da hedimasta da liman, kada a ce mun fito da matan mutane." Mun sa ranar Asabar mai zuwa.

Kafin nan Yaya tana zagaya tsakar gidanta bayan sallar asuba, kafin a hura gawayi, taku bakwai zuwa taku bakwai dawowa, tana ƙirgawa da carbi. Ranar Litinin ta sama za mu koma a sake aunawa.